Fayil a cikin rumbun bayanai ko a folda? Amsa ga wani ƙane daga Samaru

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Samaru nake, ina haɗa wa wata makaranta mai zaman kanta manhajar adana bayanan ɗalibai da PHP da MySQL. Suna son a riƙa ajiye hoton fasfo na kowane ɗalibi, da takardun shaidar da aka yi wa sikanin, da kundin binciken 'yan ajin ƙarshe, da sautin darussan da malamai ke naɗa. Na yi ginshiƙin BLOB na zuba komai a ciki. Ƙananan hotuna suna shiga lafiya, amma wasu in na buɗe sai in ga rabin hoto, ƙasansa toka-toka. In kuma fayil ya yi girma sai ya rubuto mini "MySQL server has gone away". Wani abokina ya ce tun farko kuskure ne a sa fayil a rumbun bayanai. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Cuta biyu ka kawo mini da fatawar abokinka, kuma kowacce da tushenta. Bari in fara da rabin hoton nan, domin shi ne ya fi tayar mini da hankali. Wancan saƙon na "gone away" ko ba komai yana yi maka ihu, ka san abu ya lalace. Shi kuwa wannan a ɓoye yake ɓarnarsa, kamar gara a cikin azara, sai ranar da rufi ya rufto.

A MySQL, BLOB, wato ginshiƙin da ake zuba ɗanyen bayit na fayil a ciki, ma'aunai huɗu ne, kamar yadda mai awo a kasuwar Sabon Gari yake da gwangwani da mudu da tiya da buhu. TINYBLOB bayit 255 kawai yake ci. BLOB ɗin da ka zaɓa yana cin bayit 65,535, wato kusan 64 KB. MEDIUMBLOB yana kai wa 16 MB, LONGBLOB kuma 4 GB. To kai mudu ka ɗauka kana juye masa buhu. Idan an saita rumbun ya zama mai tsanani, zai ƙi karɓa ya ce bayanin ya fi ƙarfin ginshiƙin. Idan ba a saita shi haka ba, sai ya karɓi abin da mudun zai ci, ya zubar da sauran, ya bar wani ɗan gargaɗi da babu mai karantawa. Hoton JPEG daga sama ake jero shi zuwa ƙasa, shi ya sa kake ganin hula da goshin yaro, daga haɓa zuwa ƙasa kuma toka. Shi PDF ma sau da yawa ba ya buɗewa, domin jadawalin da ke nuna inda kowane shafi yake a can ƙarshen fayil ɗin yake, kuma ƙarshen ne aka datse.

Tun kafin ka gama karanta amsar nan, buɗe rumbun ka rubuta `SELECT @@sql_mode;` ka duba ko akwai STRICT_TRANS_TABLES a ciki. Daga MySQL 5.7 zuwa sama da shi ake zuwa, amma wasu masu haɗa manhaja da wasu masu ba da hayar saba sukan cire shi. In XAMPP kake amfani da shi, ka sani MariaDB ce a cikinsa, kuma saitinta yana cikin fayil ɗin my.ini. Daga nan sai ka ƙirga layukan da `LENGTH(hoto) = 65535`. Duk wanda ya faɗo a wannan adadi daidai, guntule ne. Mayar da ginshiƙin MEDIUMBLOB zai kare masu zuwa, amma abin da ya zube ya zube, sai an sake ɗoro shi daga asali.

Na san ɗacin wannan domin ni ma na sha shi. Shekarun baya na yi wa wata cibiyar koyar da sana'a irin wannan aiki a nan Zariya. Da ƙananan hotuna na yi gwaji, komai ya tafi daidai, na karɓi kuɗina na kama gabana. Sai bayan wata biyar, da za su buga katin shaida, suka kira ni. Fiye da rabin hotunan babu baki babu haɓa, ɗaliban kuwa har sun watse, wasu Giwa, wasu Soba, wasu Ikara. Laifina ne ɗungurungum, kuma tun daga ranar ba na yarda fayil ya shiga ba tare da na ajiye girmansa da zanen yatsansa ba, wato jerin haruffan da ake lissafowa daga cikinsa don a gane in ya sauya. Zan dawo kan wannan.

Cuta ta biyu kuma ta ƙofofi ce. Fayil kafin ya isa rumbu sai ya ratsa zaure da shigifa da ƙofar ɗaki, kowacce da faɗinta, kuma mafi ƙunci ita ke yanke hukunci. In Nginx, manhajar saba mai karɓar buƙatun birawza, ne a gaba, `client_max_body_size` ɗinsa 1 MB ne tun asali, abin da ya wuce haka sai ya kore shi da lamba 413. PHP yana da `upload_max_filesize` a kan 2 MB da `post_max_size` a kan 8 MB. Wannan na biyun mugu ne: in aka wuce shi, sai ka tarar da `$_FILES` da `$_POST` duk wayam, kamar ba a aiko komai ba, ka yi ta neman kuskure inda babu shi. Akwai kuma `memory_limit` mai 128 MB. Ƙofar ƙarshe ita ce wadda ta tare ka, `max_allowed_packet`, wato iyakar girman saƙo guda da rumbun zai karɓa. A MySQL 5.7 4 MB ne, a 8.0 ya koma 64 MB, kuma sau da yawa a kwamfutocin gwaji za ka same shi an ƙuntata shi ƙasa da haka. Idan saƙo ya fi shi girma, rumbun yakan katse layin gaba ɗaya, shi kuma PHP sai ya ce maka saba ta tafi. Babu inda ta je, ƙofa ta rufe maka.

Ka lura da wani abu: ƙololuwar da za a iya ɗaga `max_allowed_packet` ita ce 1 GB. Ka ga ashe 4 GB ɗin LONGBLOB a takarda kawai yake.

Na san abin da zuciyarka ke raya maka yanzu: ka ɗaga duk waɗannan lambobi zuwa sama ka huta. A kwamfutarka zai yi aiki, ranar da ka kai wa shugaban makaranta ma zai yi aiki. Amma duba abin da ke faruwa a ciki. Da ka kira `file_get_contents`, fayil ɗin gaba ɗayansa ya hau ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wajen shirya shi cikin umarnin SQL a sake yin wani kwafin. Rumbun ma da ya karɓa ya tanadi nasa wurin. Sautin darasi mai 60 MB ya zama nauyin ninki biyu ko uku. Ranar da malamai goma suka zauna ɗora darussa a lokaci guda, a kan saba mai RAM 2 GB, sai komai ya tsaya cak, har mai duba sakamakon jarrabawa da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ba a haɗiye malmalar tuwo gaba ɗaya, loma-loma ake yi. Duk sauran bayanin da zan yi maka a kan wannan yake tafiya.

Sai fatawar abokinka. Yana da gaskiya rabi. An daɗe ana wannan gardama, kuma an auna ta. A 2006 wasu masu bincike a Microsoft, Russell Sears da Catharine van Ingen da Jim Gray, sun gwada SQL Server da tsarin fayil na NTFS. Abin da suka samu shi ne, fayil ɗin da bai kai 256 KB ba ya fi sauri a cikin rumbun bayanai, wanda ya wuce 1 MB ya fi sauri a folda, tsakanin nan kuwa ya danganta da yawan karantawa da sake rubutawa. Masu SQLite ma sun yi nasu awon suka nuna ƙananan abubuwa, irin hotuna masu kamar 10 KB, sun fi saurin karantuwa daga cikin rumbun. Na'urori sun canza tun daga lokacin, amma fasalin maganar yana nan: ƙarami ciki, babba waje.

Sai dai ni a ganina, a irin aikinka sauri ba shi ne abin dubawa na farko ba. Makaranta mai ɗalibai dubu biyu ba Facebook ba ce. Abin da zai hana ka barci shi ne: shin sunan ɗalibi da takardarsa za su ci gaba da zama tare, ko an ɗauke wuta, ko faifan ajiya ya mutu, ko an sauya saba? Nan ne rumbun bayanai yake da wata baiwa da folda ba ta da ita. Kana iya ƙulla ayyuka da yawa su zama ƙulli guda, tsakanin `BEGIN` da `COMMIT`: ko duka su shiga, ko babu wanda zai shiga. Mu da muke aiki a garin da wuta kan ɗauke ana tsakiyar rubutu, batirin inbata ya riga ya gaji, mai janareta ya tafi sallah, mun san darajar wannan. InnoDB, injin da ke ajiye teburan MySQL, in ya farfaɗo zai warware duk ƙullin da bai kammala ba. Folda kuwa tana iya barinka da rabin fayil, ko fayil ba suna, ko suna ba fayil.

Kuɗin wannan baiwa kuma ga shi. Mu ɗauka, a misali, ɗalibai 2,000 kowanne da hoto mai 40 KB: 80 MB ke nan, ba komai ba ne. Kundin bincike 600 a shekara, kowanne 8 MB: kusan 5 GB duk shekara. Darasin awa ɗaya a MP3 mai 64 kbps yana cin kusan 29 MB; malamai ashirin su naɗi biyu-biyu a mako, kafin zango ya ƙare ka wuce 10 GB. Ainihin bayanan makarantar, sunaye da maki da kuɗin makaranta, da ƙyar su kai 200 MB. In ka cakuɗa su wuri guda, kwafin ajiyar da ya kamata ya ɗauki minti ɗaya sai ya koma awa biyu, kuma abin da ke ɗaukar awa biyu daina yinsa ake yi. InnoDB yana da wurin da yake riƙe shafukan da ake yawan nema, asalinsa 128 MB. Kowane babban fayil da ya ratsa ta nan gasa yake yi da bayanan da ake buƙata kullum. A MySQL 8.0 kuma littafin tarihin sauye-sauye, binlog, a kunne yake zuwa, yana riƙe kwana 30, don haka duk abin da ka zuba sau biyu yake cin faifai na tsawon wata guda. In ka goge layuka ma, fayil ɗin teburin ba ya ramewa da kansa sai ka yi `OPTIMIZE TABLE`, shi kuma yana buƙatar wurin da zai sake gina teburin.

To ga hukuncina a kan kayanka. Hoton fasfo ya shiga rumbu, amma ka rage shi tun a bakin ƙofa. Wayoyin yanzu suna ɗaukar hoto mai 3 ko 4 MB, alhali katin shaida bai buƙaci fiye da 50 KB ba. Takardun shaida, irin na haihuwa da na ƙaramar hukuma da sakamakon WAEC ko NECO, su ma na fi son su a rumbu, domin su ne ɓatansu ya fi ciwo, kuma su ne bai kamata kowa ya gani ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe irinsu nauyi. Amma ka sa musu iyaka, kamar 500 KB. Matsalar daga shagunan sikanin take farowa: yaro ya je bakin titin Samaru, a ɗaukar masa shafi ɗaya da launi a kan ma'auni mafi girma. Shafin A4 a kan 300 dpi ɗigo kusan miliyan 8.7 ne, in ba a matse shi ba ya haura 25 MB. A 200 dpi, fari da baƙi, an matse shi, rubutu yana fitowa tas a 'yan ɗaruruwan KB. Ka rubuta wannan a shafin ɗorawa da Hausa da Turanci, zai rage maka rabin wahala.

Ko waɗannan ƙananan ma, kada ka sa su a teburin ɗalibai. Yi musu teburinsu daban mai ɗauke da lambar ɗalibi. Dalili kuwa, wata rana kai ko wanda zai gaje ka zai rubuta `SELECT *` don ya jero sunayen 'yan aji, sai ya kinkimo hotuna da takardun kowa bai sani ba.

Kundin bincike da sautin darasi su tafi folda. Haka manyan manhajojin ilimi suke yi. DSpace, wadda ɗakunan karatu na jami'o'i da yawa ke adana kundaye da ita, bayanin kundi yana cikin PostgreSQL, fayil ɗin kansa yana wata ma'ajiya a faifai. Moodle ma haka: teburinsa yana riƙe da suna da mai shi, fayil kuma yana folda, an raɗa masa suna da zanen yatsansa na SHA-1.

Tafiya da folda tana da ladubbanta, kuma mafi girmansu shi ne jeri. Wajen ajiyewa, fara rubuta fayil da sunan wucin gadi, in ya kammala ka sauya masa suna zuwa na dindindin, sannan ka sa layinsa a rumbu. Wajen gogewa ka juya: fara goge layi, sannan fayil. In wuta ta ɗauke a tsakiya, abin da zai rage shi ne fayil marar mai shi, wanda shara ce kawai, wata 'yar manhaja za ta iya bi da dare ta kwashe. Da ka yi akasin haka, da layi zai rage yana nuna fayil ɗin da babu shi, ɗalibi ya danna ya ga wayam. Kada ka ajiye fayil da sunan da mai shi ya ba shi. Mutum ɗari za su turo "project final.pdf", wani mugun kuma zai turo fayil mai ƙarewa da .php don ya ƙwace sabar. Lissafa SHA-256 na fayil ɗin, haruffa 64 ne, ka mai da shi sunansa, ka ɗauki haruffa biyun farko su zama sunan ƙaramar folda. Folda 256 ke nan, babu wadda za ta cika maƙil. Ribar ƙafa kuma, in mutum biyar suka ɗora abu ɗaya, sau ɗaya zai ci wuri, sai dai ka kula kada ka goge shi alhali wani layin yana nuna shi. Foldar ta zauna a wajen inda birawza ke iya kaiwa kai tsaye, ba cikin htdocs ko public_html ba. A rumbu kuma gajeriyar hanya za ka rubuta, ba wadda ta faro daga C: ba, don ranar ƙaura. Kada kuma ka yarda da abin da birawza ta ce game da irin fayil. Duba bayit ɗin farko da `finfo`. PDF na gaskiya da %PDF yake farawa, JPEG da FF D8 FF.

Yanzu a ce makarantar ta kafe sai komai ya zauna a rumbu guda. Yakan faru, kuma wani lokacin da hujja: kwamfuta ɗaya ce a ofis, babu mai kula da ita, kwafi ɗaya kawai za su iya tunawa su ɗauka. To sai ka yanka fayil gutsure-gutsure. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. MongoDB ba ta karɓar abin da ya wuce 16 MB a takarda guda, sai ta fito da GridFS mai yanka fayil 255 KB-255 KB, bayaninsa a wuri ɗaya, gutsattsarin a wani. Kai ma tebur biyu za ka yi:

```
CREATE TABLE fayil (
  id BIGINT AUTO_INCREMENT PRIMARY KEY,
  suna VARCHAR(255) NOT NULL,
  iri VARCHAR(100) NOT NULL,
  girma BIGINT NOT NULL,
  yatsa CHAR(64) NOT NULL
);

CREATE TABLE gutsure (
  fayil_id BIGINT NOT NULL,
  lamba INT NOT NULL,
  ciki MEDIUMBLOB NOT NULL,
  PRIMARY KEY (fayil_id, lamba),
  FOREIGN KEY (fayil_id) REFERENCES fayil(id) ON DELETE CASCADE
);
```

Wajen zubawa, bayan ka buɗe ƙulli ka sa layin `fayil` ka karɓi lambarsa:

```
$f = fopen($hanya, 'rb');
$saka = $pdo->prepare('INSERT INTO gutsure VALUES (?, ?, ?)');
$n = 0;
while (($loma = fread($f, 262144)) !== false && $loma !== '') {
    $saka->bindValue(1, $id, PDO::PARAM_INT);
    $saka->bindValue(2, $n++, PDO::PARAM_INT);
    $saka->bindValue(3, $loma, PDO::PARAM_LOB);
    $saka->execute();
}
fclose($f);
```

Kowace loma 256 KB ce, don haka ko fayil ɗin 500 MB ne, ƙwaƙwalwa ba za ta taɓa ɗaukar fiye da loma ɗaya ba, kuma `max_allowed_packet` ba zai ko ɗaga kai ya dube ka ba. Kafin `COMMIT`, ka tambayi rumbun `SUM(LENGTH(ciki))` ka gwada da girman asali. In sun saɓa, `ROLLBACK`. Da na yi wannan 'yar tambaya a wancan aikin da na ba ka labari, da ranar farko na gane. Ka ga alamomin tambayar nan uku a cikin umarnin? Kada ka taɓa liƙa abin cikin fayil a jikin SQL da hannunka. Bayit ɗin hoto suna ɗauke da sifili da alamar zance da komai, za su karya umarnin, ko su buɗe wa ɓarawo ƙofa. Kada kuma ka ce za ka kauce wa hakan da base64 a ginshiƙin rubutu, kamar yadda nake gani a ayyukan ɗalibai da yawa. Kowane bayit uku huɗu yake komawa, ka ƙara wa kanka kashi ɗaya bisa uku na nauyi a banza.

Wajen fitarwa akwai wani rami da mutane ke faɗawa bayan sun yi wahalar yankawa. Sai su rubuta tambaya ɗaya ta kwaso duk gutsattsarin, su ce ai layi-layi suke karɓa. PDO kuwa, hanyar da PHP ke magana da MySQL, in ba ka hana shi ba, sai ya kwaso sakamakon duka ya jibge a ƙwaƙwalwa kafin ya miƙo maka layin farko. An gudu ba a tsira ba. Ka riƙa neman gutsure ɗaya a kowace tambaya, lamba 0, sai 1, sai 2, kana `echo` kana `flush`. Kafin loma ta farko ka aika `Content-Type` da `Content-Length` da `Content-Disposition` mai ɗauke da sunan asali. Kuma ka tabbata babu ko tazara ɗaya ko layi wayam da ke fita kafin `<?php`. Na taɓa ɓata yini guda a kan hoton da ya ƙi buɗewa, ashe wani layi wayam ne a ƙarshen fayil ɗin saiti yake riga hoton fita.

Sauti yana da ƙarin buƙata. Ɗalibar da ke sauraron darasi a waya, a cikin Keke daga Kwangila zuwa Kongo, sabis yana zuwa yana tafiya, za ta so ta tsallaka zuwa minti na ashirin ba tare da ta sauke na baya ba, datarta ma ba za ta ɗauka ba. Birawza takan aiko da `Range` ta ce daga bayit kaza take so, kai kuma ka amsa da lamba 206. Da gutsure lissafin mai sauƙi ne: in ta nemi daga bayit 10,000,000, raba da 262,144, ka faɗa gutsure na 38, ka tsallake bayit 38,528 a cikinsa ka ci gaba. Amma ka ga duk wannan da hannunka za ka rubuta shi. In fayil ɗin yana folda, Nginx da Apache sun iya wannan tun fil azal. Aikin PHP kawai ya duba ko mai nema yana da izini, sai ya aika `X-Accel-Redirect` a Nginx, ko `X-Sendfile` a Apache in an girka masa, sabar ta ƙarasa sauran. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na ce sauti ya tafi folda.

In wata rana ka bar MySQL, ƙa'idar tana nan, sunaye ne ke sauyawa. PostgreSQL yana da `bytea` mai iyakar 1 GB, da kuma manyan abubuwa da ake buɗewa a karanta kaɗan-kaɗan kamar fayil, har 4 TB tun daga 9.3, sai dai goge layi ba ya goge su, sai an bi da `lo_unlink` ko `vacuumlo`. SQL Server yana da `varbinary(max)` mai 2 GB, da FILESTREAM tun 2008, wanda ke ajiye fayil a faifai amma yana cikin ƙulli. A Java `setBinaryStream` da `getBinaryStream` za ka nema, a C# `SequentialAccess`, a SQLite `sqlite3_blob_open`. Akwai kuma hayar ma'ajiya irin S3 ta Amazon, amma biya ake yi, kuma makarantar da intanet ɗinta ke yankewa ta yi tunani sau biyu.

Saura maganar kwafin ajiya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. In akwai BLOB a rumbunka, ka riƙa sa `--hex-blob` da `--single-transaction` a `mysqldump`. Na farkon yana ninka girman BLOB a cikin kwafin, amma yana kare shi daga lalacewa a hanya. Kada ka dogara da phpMyAdmin wajen mayar da babban kwafi, domin ta waɗancan ƙofofin na PHP shi ma yake bi. Filashin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai 4 GB, ko da wuri ya rage a cikinsa. Mayar da shi exFAT ko NTFS. In kuma ka raba kaya tsakanin rumbu da folda, fara ɗaukar kwafin rumbu, sannan na folda, domin duk abin da rumbun ya ambata a same shi. Ka kuma jinkirta goge fayiloli daga faifai da 'yan kwanaki, kada a goge wani tsakanin kwafin biyu. Sau ɗaya a zango, ɗauki kwafin ka zuba a wata kwamfutar daban, ka sa manhaja ta bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya tana lissafa SHA-256 tana gwadawa da abin da ke ginshiƙin `yatsa`.

Amma na wannan makon shi ne ƙirgar nan ta 65,535. Fitar da sunayen waɗanda abin ya shafa, ka kai wa shugaban makarantar da kanka ka gaya masa abin da ya faru, a sa yaran su dawo da hotuna da takardunsu tun ba a yi hutu ba. In ka gyara teburan, turo mini fasalinsu in duba maka kafin ka fara kwashe tsofaffin. Allah ya taimaka, ya sa albarka a aikin.